Tarwaɗar da Ta Gudu da Ƙafa-ukun Kawu

Idan ka shiga shagon Kawuna, kada ka jingina da komai. Dokar shagon ke nan, ba ta da ta biyu. Gilasai ne jingine da bango dama da hagu, manya a baya ƙanana a gaba, akwai mai duhu, akwai fari tas, akwai mai zanen ganye irin na banɗaki. A tsakiya teburin yanka ne da aka shimfiɗa wa tsohon bargo. Na taɓa ƙirga tabon yanka a hannayensa yana shan shayi, goma sha tara a dama, bakwai a hagu. Ya miƙo ƙafa ya ce in haɗa da na diddige, kada lissafina ya tashi da giɓi.

Ƙanin mahaifiyata ne, amma ni kaɗai nake ce masa Kawu. Kowa Mai Gilashi yake kiransa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Tun yana saurayi yake sa wa mutane tagogi, kuma yana da wata ɗabi'a da ta sha raba shi da masu gida. Ba ya ciro tef ɗin awo sai ya tsaya tsakiyar ɗaki ya tambaya ta ina rana take shigowa. In ka ce masa kai dai taga kake so a nan, sai ya ce, "To ai rami za ka samu, ba taga ba." Rabin masu gidan su yi fushi, rabin su matsar da tagar su dawo suna godiya.

Ni na ja shi zuwa kamun kifi. Ina aikin sito a wani shagon kayan gini, ina ƙirga buhun siminti da sandar rodi daga safe zuwa yamma, don haka da muka haɗa ƙungiyarmu ta masu jefa fatsa ba a ma yi shawarar wanda zai riƙe ma'auni ba. Sunana ya koma Sikeli. Mu shida ne, kujerun motar Direba shida ne, muna fita ƙarshen mako zuwa wani tafki mai nisa da ba motar haya da take bin hanyarsa. Ranar da Kawu ya fara bin mu, ya dawo da kifi sifiri da hoto sittin da huɗu a waya. Na ɗauka zumuɗin baƙunta ne. Ashe ciwo ne ya kama shi, wanda ba a sha masa magani.

Da 'yarsa da ke aure nesa ta ji labari, ta aiko masa da tsohuwar kyamarar mijinta. Shi ke nan, abin nema ya samu. Ya tattara guntayen alminiyam da suka rage daga firam ɗin tagogi, ya yanka, ya huda, ya ɗaure da noti, ya ƙera wa kyamarar abin tsayawa mai ƙafa uku. Muka sa masa suna Ƙafa-uku, ya zama na bakwai a tafiya. Kawu yakan ɗaga shi da ɗan yatsa ɗaya ya nuna wa duk wanda ya shigo shago. "Ɗauka ka ji. Kamar kara. Na kanti ma bai kai shi rashin nauyi ba." Na auna shi, kilo ɗaya da gram ɗari biyu. Ku riƙe wannan adadin, zai yi amfani a gaba.

Ba don a yabe shi yake ɗaukar hotunan ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, a bakin ruwa ta tashi, kuma tun da gwiwa ta kama ta, daga gado sai kujerar tsakar gida. Sai maƙwabcinsu ya tayar da bene, bango ya toshe tagar ɗakinta ruf. Mutumin da ya yi wa rabin unguwa faɗa a kan hasken taga, ga tagar matarsa tana kallon bulo. Ya samo wani tsohon firam mai gida shida, ya goge, ya kafa shi a bangon da ke fuskantar gadonta, ya fara cika gidajen da hotunan tafki, kowanne a bayan gilashinsa. Inna ce alƙali. Ya kawo hoto ta ɗaga tabarau ta ce, "Wannan ruwan ya mutu, mayar." Gida biyar suka cika a hankali: kwalekwale a cikin hazon safe, ciyawar bakin ruwa da raɓa, hadari yana haɗowa a bayan duwatsu, wani zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran canji, da kuma ruwa zalla, ba komai a ciki sai launin yamma. Gida na shida ya zauna fayau.

Kawu ya san abin da zai shiga wurin. Akwai wata busasshiyar bishiya a gefen tafkin. Yawancin shekara a cikin taɓo take tsaye, ba abin kallo. Amma idan ruwa ya cika ya kai maƙura, takan koma tsakiyar ruwa, inuwarta ta kwanta a ƙarƙashinta sak, kuma da la'asar sakaliya balbelu su dawo kwana su sauka a kanta har ta yi fari. Ruwan ba ya daɗewa a haka. Bara hadari ya rufe rana. Bara waccan batir ya mutu.

To, ga inda matsala ta taso. Ƙanin matar Direba ya ƙwallafa rai sai ya shiga ƙungiya, matar Direba kuma ta tsaya masa. Direba ya tara mu tun farkon kakar kamu ya ce shi fa yana son zaman lafiya a gidansa. Aka yi ta ja-in-ja, aka tsaya a kan magana ɗaya: a haɗa nauyin kifin kowa har fita ta ƙarshe, wanda ya zo ƙarshe ya sauka daga mota na shekara guda. Aka ƙara sharaɗi, kifin da wani ya taɓa maka zarensa ba naka ba ne. Kowa ya yarda. Kawu ma ya ce ya yarda, idonsa na kan wani gajimare.

Abin da ya sa bai damu ba, ya ƙirƙiro dabara. Ya daina riƙe sandar fatsa gaba ɗaya. Sai ya jefa ƙugiya, ya ɗaure zaren a ƙafar Ƙafa-uku ta gaba, ya manna ido a kyamara. Idan kifi ya taɓa tana, hoton da yake kallo sai ya yi rawa. "Ka gani? Ba sai na kalli ruwa ba, ruwa ne yake ƙwanƙwasa mini ƙofa." Kuma dabarar tana aiki, wallahi na gani da idona, ya ciro karfasa ashirin da uku da ita. Sai dai karfasa ce irin wadda kyanwa za ta kalla ta kau da kai. Da muka zo fita ta ƙarshe, Kawu ne a ƙasa. Na sama da shi Tela ne, mai shagon ɗinki a layinsu, abokin tsokanarsa tun suna samari, kuma tazarar da ke tsakaninsu kilo bakwai da rabi ce.

Ana gobe tafiya na je shago na same shi yana goge idon kyamara da gefen hula. Na zube masa kaya a kan bargo: ƙugiya babba, zare mai kauri wanda zai ja akuya, da hanjin kaza a leda.

"Kawu, don Allah gobe ka bar kyamarar nan a gida. Karfasa ba za ta fitar da kai ba, tarwaɗa za ka nema."

"Ruwa ya cika, Sikeli. Direba ya ce har ya shanye dutsen da muke zama."

"Na sani. Amma in ka rasa kujera, bishiyar ma ka rasa ta. Wa zai kai ka? Ba a tauna taura biyu."

Ya ɗauki zaren ya ja shi tsakanin hannayensa, ya gyaɗa kai. "Wannan zare ne. Allah ya yi maka albarka." Na fita ina murna na shawo kansa. Da safe ya fito da ƙugiyata a aljihu da Ƙafa-uku a kafaɗa.

Tela bai bari mun bar kwalta ba ya fara. "Mai Gilashi, zauna da kyau, shafa kujerar nan, ku yi sallama. Ɗauke ta hoto ma, ka sa wa Inna a gida na shida."

"Kai dai ji da wandon da ka ɗinka mini, ƙafa ɗaya na gaida ƙasa ɗaya na gaida gwiwa."

"Ƙafafunka ne ba su daidaita ba. Sikeli, don Allah hoton kifi kilo nawa yake yi a ma'auninka? A tara masa duka, ko ya kai rabin tukunya."

Direba yana dariya har motar tana kaucewa. Ni ban yi dariya ba, ina ta lissafi a raina. Tarwaɗa mafi girma da aka taɓa ciro a ƙungiyarmu kilo shida ce.

Da muka isa, duk muka zuba ido. Tafkin ya cika ya batse, ya haɗiye hanyar da muke bi, ciyawa ta nutse sai kawunanta. Ga bishiyar can tsaye cikin ruwa, ita da inuwarta, kamar an ninke takarda biyu. Kawu ya sauko daga mota bai ko rufe ƙofa ba. Ya zaga, ya tsuguna, ya miƙe, ya kare ido da hannu yana duba inda rana za ta faɗo, sannan ya kafa Ƙafa-uku a kan wani ɗan tudun yashi dab da ruwa. Ya soka hanjin kaza a ƙugiya, ya wulwula ya jefa can gindin wasu duwatsu inda ruwa ya yi baƙi, ya ɗaure zarena mai kauri a ƙafar gaba, ƙulli uku. Na gani. Na ƙirga ƙullin ma. Bai zo mini a rai ba cewa tsohon zarensa siriri shi yake tsare kyamarar duk tsawon lokacin nan, domin in abu ya fi ƙarfinsa tsinkewa yake yi.

Yini ya tafi. Tela ya ciro karfasa huɗu, kilo ɗaya da rabi, ya kawo mini kowacce yana waƙa. Tazara ta koma kilo tara cif. Kawu kuwa hotonsa ko motsi bai yi ba. Ya ɗauki ruwa, ya ɗauki mazari a kan kara, ya ɗauki Direba yana barci baki buɗe. Na je na tsaya kusa da shi.

"Kada ka tsaya nan, inuwarka na shiga," ya ce.

Sai rana ta sunkuya. Hasken ya koma ruwan zuma, iska ta ɗauke ɗif, tafkin ya kwanta kamar gilashin da Kawu ya gama gogewa. Daga can gabas muka hango su, farare, layi bayan layi. Balbelu! Na fara ƙirgawa na kai arba'in na bari, abin da ban taɓa yi ba. Kawu ya sa ido a kyamara, yatsansa a kan maɓalli, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. "Ku zo. Ku zo, 'yan albarka. Kaɗan ya rage. Na farko ya sauka... bari sauran su buɗe fiffike..."

Na ji ƙarar maɓalli sau ɗaya. Sai na ji Kawu ya ce, "Kai! Bishiyar tana tafiya!"

Ba bishiya ce take tafiya ba. Ƙafa-uku ne. Ya ɗaga ƙafafun baya ya nufi ruwa da gudu, kyamara a kansa tana lilo, kilo ɗaya da gram ɗari biyu na alfaharin Kawu, yana jan layi a yashi. Ban san Kawu yana da sauran tsalle a jikinsa ba. Ya yi sufa ya cafke ƙafar baya, abin ya ja shi a kan ciki har ruwa ya kai masa ƙirji, ya durƙusa ya ɗaga Ƙafa-uku sama da hannu biyu, kyamara tana reto tazarar tafin hannu daga ruwa.

"Yanke zaren!" Direba ya taso da wuƙa. "Kyamarar za ta tafi!"

"Kada wanda ya taɓa mini zare!" Kawu ya daka tsawa. "Sikeli! Zo ka kwance kyamara! Kyamarar kawai!"

Na faɗa ruwa da takalmi. Tela yana bakin gaɓa yana tsalle yana ihu, "Ina kallo! In yatsanka ya taɓa zare kifin ya zama na gwamnati!" Notin da ke riƙe da kyamarar Kawu ne ya ɗaure shi da hannun mai gilashi, ga hannuna a jiƙe, ga abin yana fizga kamar an ɗaure ɗan maraƙi. Na murɗa, ya zame. Na goge hannu a hular Kawu da ke kansa na sake murɗawa. Ya saki. Na rungume kyamara na ja da baya na fito, ina ɗaga ta sama kamar wanda ya ceto jinjiri.

Daga nan ne na ga abin da har yau nake gani idan na rufe ido. Balbelun duka suka sauka. Bishiyar ta yi fari fat a sama, ta yi fari fat a ƙasa, hasken ya zuba a kansu. Hoton da mutumin nan ya shekara da shekaru yana jira, ga shi an shimfiɗa masa. Kawu ya waiga ta kan kafaɗa ya kalle shi. Ya kalli kyamarar da ke hannuna, taku kaɗan ne tsakaninmu. Sakin Ƙafa-uku kawai zai yi. Na ga bakinsa ya motsa.

Sai ya juya wa bishiyar baya, ya kafa ƙafa a taɓo, ya fara naɗe zare a jikin Ƙafa-uku, yana juya shi kamar mai tuƙa sitiyari.

Na ɗaga kyamarar don in gwada sa'ata, na danna abin da na ɗauka shi ne maɓalli, fuskarta ta mutu. Kafin in gano yadda ake kunna ta, ihunmu ya kori tsuntsayen, suka tashi gaba ɗaya suka bi ta kan duwatsu. Ba wanda ya kula. Duk mun koma bakin ruwa muna ba da umarnin da ba wanda ya tambaye mu. "Sassauta mata!" "Ja!" "Kada ta shiga duwatsu!" Har Tela ya manta da kansa yana cewa, "Ta hagu, Mai Gilashi, ta hagu, kai wane irin mutum ne!" Kifin ya ja, Kawu ya bi shi. Kawu ya ja, ƙafa ɗaya ta Ƙafa-uku ta lanƙwashe. Can sai ga baƙin kai ya ɓullo, faffaɗa kamar faranti, da gashin baki kamar na tsohon soja. Kawu ya ja da baya, ya ja da baya, ya faɗi zaune a yashi, tarwaɗar ta biyo shi har cinya tana bugun ƙasa da wutsiya.

Na ciro ma'auni. Tela ya dawo hayyacinsa nan take.

"Tsaya! A cire ƙugiya, ƙarfe ne. A goge taɓon nan. Wannan ruwan da ke ɗiga ma a jira ya tsane."

Aka cire, aka goge da rigar Direba, aka jira. Na rataya ta. Allurar ta yi sama ta dawo, ta yi rawa, ta tsaya. Na duba sau biyu, na miƙa wa Tela ya duba da kansa.

"Tara da gram ɗari uku," na ce.

Direba ya yi wurgi da hula sama. Sauran biyun suka ɗaga Kawu suka dire. Tela ya zagaya kifin yana riƙe da ƙugu. "Gram ɗari uku. Kofin shayi! Kuma ba shi ya kama ba, firam ɗin taga ne ya kama. A ba wa Ƙafa-uku kujerar mana!"

"Shi a kan cinyata yake zama," in ji Kawu, yana matse hula. Sai ya miƙo hannu. "Ba ni ita." Ya kunna kyamarar, ya duba. Hoto ɗaya ne, wanda ya danna daidai lokacin da aka fizge. Komai a karkace. Bishiyar ta kwanta gefe, balbelun sun zama dogayen zane-zane farare, ruwan ya ja kamar an shafa fenti da tsintsiya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga kai ya dubi bishiyar da ta koma baƙa ba kowa a kanta.

"Tana nan," ya ce. "Baɗi ma tana nan. Ni ma ina nan."

Na raka shi gida da kifin a buhu. Inna ta sa aka shimfiɗa shi a tsakar gida ta kewaye shi da ido, ta ce tun tana yarinya rabonta da ganin irinsa. Sannan ta miƙa hannu. "Ina nawa?" Kawu ya fara kame-kame, wai haske, wai tsautsayi. Ta karɓi kyamarar ta ɗaga tabarau. Muka jira a ce mayar.

"Wanko mini wannan."

"Haba, wannan ai ɓatacce ne. Ko tsuntsu ɗaya ba a gane shi."

"Mai Gilashi, guda biyar ka kawo mini ruwa yana barci. Wannan ne kaɗai yake gudu. Wanko."

Yana nan a gida na shida yanzu. Kawu ya ce na wucin gadi ne, shi ya sa ƙusa biyu kawai ya sa masa maimakon huɗu. Inna ta ce ya taɓa ya gani.

Ƙanin matar Direba ya hau kujerar Tela. Ƙafa-uku ya samu sabuwar ƙafa, kuma Kawu ya ɗinka masa jaka a tsakiya da ake cikawa da duwatsu, kilo biyar na auna, ya daina ɗaga shi da yatsa a gaban baƙi. Wanda ya ɗinka jakar kuwa Tela ne. Makon jiya na shiga shago na same shi tsaye a tsakiya, hannu a aljihu don kada ya jingina da komai, yana tambayar Kawu ko akwai sauran guntayen alminiyam.

"Kyamara ka saya?" na tambaye shi.

"Wace kyamara? Ni zare kawai zan ɗaura. Shekara ai kwana ce, Sikeli. Ka gaya wa surukin Direba kada ya saba da kujerar."